Durƙuson 'yan wasan Amurka lokacin taken ƙasa

Malam, ka tambaya ko durƙuson da wasu 'yan wasan Amurka suka riƙa yi lokacin rera taken ƙasa raini ne, kuma ko doka ta kare su.

Colin Kaepernick, ɗan wasan ƙwallon ƙafa irin na Amurka na ƙungiyar San Francisco 49ers, shi ne ya fara a 2016, don nuna adawa da kisan baƙaƙen fata a hannun 'yan sanda. Da farko zama yake yi a benci, sai tsohon soja Nate Boyer ya ba shi shawarar ya sa gwiwa ɗaya a ƙasa, domin hakan ya fi mutunta sojoji. A ganina wannan ya raunana zargin raini, ko da yake na fahimci ɓacin ran iyalan da aka kawo wa gawar ɗansu soja lulluɓe da tuta.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zaton tsarin mulkin Amurka ya hana a hukunta ɗan wasa, alhali gwamnati ya taka wa burki, ba ƙungiyoyi masu zaman kansu ba. Tun 2017 Kaepernick bai sake samun ƙungiya ba. Batun haƙƙin ɗan wasa cikin kwantiraginsa kuwa, lauyan ƙwadago ya kamata a tuntuɓa.