Tambayi Fasto: In adalci kyauta ne, ina amfanin wahalata?

Tambaya: Baba Fasto, barka da aiki. Tun ina budurwa nake cikin zumuntar mata, ba na fashin zakka, ina ziyarar marasa lafiya. Ran Lahadi wani matashi ya hau bagade ya ce duk wannan ba zai sa Allah ya karɓe ni ba, wai adalci kyauta ne ta wurin bangaskiya. Raina ya ɓaci. Ba Yakubu ya ce a wasiƙarsa bangaskiya marar ayyuka matacciya ce ba? Daga wata uwa a Numan.

Amsa: 'Yata, yaron gaskiya ya faɗa, sai dai ya yi garaje.

Buɗe littafin Farawa. A sura 15 Allah ya yi wa Ibrahim alkawarin zuriya, ya gaskata, aka lasafta masa wannan adalci ne. Lokacin ko kaciya bai yi ba, sai a sura 17, yana da shekara 99. Miƙa Ishaku kuwa can sura 22 ne. Bulus a Romawa 4 kan sura 15 ya tsaya: an karɓi mutumin tun bai yi komai ba, domin ladan ma'aikaci hakkinsa ne, ba a kiransa kyauta. Yakubu kuma sura 22 ya ɗauko, inda bangaskiyar nan ta fito fili. Ibrahim ɗaya suke magana a kai, ba faɗa suke yi ba. Bulus da masu taƙama da kaciya yake, Yakubu da masu sallamar mayunwaci da fatar baki.

Ku mutanen Numan ai kun san sunan Luther. Ɗan zuhudu ne a Jamus, ya gallabi kansa da azumi da furta zunubi, hankalinsa bai kwanta ba, sai da Romawa 1:17 ta buɗe masa: adalcin da Allah yake nema, shi ne yake bayarwa cikin Almasihu. Rikicin da ya tashi tsakaninsa da cocin Katolika a 1517 ya daɗe ƙwarai. Sai a 1999, a Augsburg, Katolika da Lutheran suka sa hannu cewa ta alheri kaɗai ake karɓar mu.

Kada ki daina ziyara. Amma na lura wasiƙarki ta lissafa ayyukanki, ba ta ambaci gicciye ba, wannan ya ɗan dame ni. Mai wa'azin kuwa, ki gaya masa in ya karanta Afisawa 2 kada ya tsaya a aya 9. Ta 10 ta ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka.