Likita, ta yaya za mu shigar da Baba gwajin sabon gashin sankara?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina yana da shekara 68, shekara uku ke nan yana fama da sankarar furostet. An yi masa allurar da ke rage sinadarin maza, ta yi aiki na wani lokaci sannan ta daina. An yi kimo (maganin sankara da ake ɗurawa ta jijiya) zagaye shida, amma awon PSA ɗinsa, wato awon jinin da ake bin diddigin cutar da shi, sai hawa yake yi, hoto kuma ya nuna ciwon ya shiga ƙashin baya da na ƙugu. Yayana da ke Ingila ya ce akwai wani sabon gashi da ake ɗurawa ta jijiya, wai ƙwayoyin cutar kaɗai yake bi, kuma ana gwajinsa kyauta. A ina ake samun irin wannan gwajin, kuma yaya ake shiga? Mamanmu dai ta ce ba za a mai da mijinta zakaran gwajin dafi ba. Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne, ku kuma Ya saka muku bisa wannan ɗawainiya.

Abin da yayanki ya ji gaskiya ne, sai dai labarin yana buƙatar gyara kaɗan. Gashin da aka saba da shi, irin wanda ake yi a asibitin koyarwa na Shika ko a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, na'ura ce ke harbo haske daga waje zuwa inda ciwon yake. Wannan kuwa ta cikin jini yake tafiya. Yawancin ƙwayoyin sankarar furostet suna ɗauke da wata alama a jikinsu da ake kira PSMA. Sai masana suka haɗa wani sinadari da ke neman wannan alamar ya manne mata, suka goya masa wani ƙarfe mai fitar da radiyeshon, sunansa lutetium-177. Idan an ɗura shi, duk inda ƙwayar cutar ta ɓuya, a ƙashi ko a kaluluwa, can zai je ya zauna yana ƙona ta. Haskensa ba ya wuce 'yan milimita kaɗan, ƙarfinsa kuma yana raguwa da rabi duk bayan kimanin kwana shida da rabi. Dabarar ma ba sabuwa ba ce, don tun shekarun 1940 ake maganin cututtukan maƙoƙo da aidin mai radiyeshon.

Gyaran shi ne, ga mai irin matsayin Baba wannan magani ya riga ya wuce gwaji. Babban binciken da ya tabbatar da shi, mai suna VISION, an yi shi ne a kan maza 831 waɗanda allura, ƙwayoyin toshe sinadarin maza da kimo suka gaza musu, aka buga sakamakonsa a 2021. A watan Maris na 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi, kamfanin Novartis yana sayar da shi da sunan Pluvicto. Ina so ki riƙe alƙaluman nan da kyau, domin a kansu za ku yanke shawara: matsakaicin tsawon rayuwar waɗanda suka samu maganin wata 15.3 ne, na waɗanda ba su samu ba kuma wata 11.3. Wata huɗu ke nan. Ba na raina wata huɗu, ballantana idan raɗaɗin ƙashi ya lafa har mutum ya koma yana sallarsa a tsaye. Amma duk wanda ya ce miki warkewa ake yi tas, to kuɗinki yake so.

Gwaje-gwajen da ake yi yanzu sun karkata ne zuwa wasu tambayoyin: a ba da shi tun kafin kimo, a haɗa shi da wasu magunguna, ko a musanya lutetium da actinium-225 wanda ya fi shi zafin duka a ɗan ƙaramin wuri. A wannan na ƙarshe, Afirka ba baya take ba. Farfesa Mike Sathekge da abokan aikinsa a Jami'ar Pretoria da asibitin Steve Biko suna cikin waɗanda duniya ta sani da aiki a kan actinium. Saboda haka idan za ku nema, kada idonku ya tsaya a kan Ingila da Amurka kaɗai.

Wurin nema kuwa a buɗe yake, ba a biyan ko kwabo. Mafi girman rajista ita ce ClinicalTrials.gov, ta gwamnatin Amurka, amma tana ɗauke da gwaje-gwajen ƙasashe da yawa. Ki rubuta sunan cutar da Turanci kamar yadda yake a takardar asibitin Baba, ki ƙara kalmar PSMA ko lutetium, sannan ki zaɓi waɗanda aka rubuta wa "Recruiting", wato waɗanda har yanzu suke ɗibar mutane. Kowane gwaji yana da lamba da ta fara da NCT, ki kwafe ta a takarda. Akwai rajistar Afirka, PACTR, da ke Afirka ta Kudu, akwai kuma ICTRP ta Hukumar Lafiya ta Duniya wadda ke tattaro rajistoci wuri guda. A shafin kowane gwaji za ki ga garuruwan da ake yinsa, da adireshin imel na masu kula da shi, da sharuɗɗan shiga.

Waɗannan sharuɗɗan su ne ƙofar, kuma a nan mutane da yawa suke shan mamaki. Kuɗi ba ya buɗe ta, sanayya ma haka. Na farkonsu shi ne hoton da ake kira PSMA PET, wanda zai nuna ko ciwon Baba yana ɗauke da alamar da maganin ke bi. A binciken VISION, kusan mutum ɗaya cikin takwas da aka yi wa hoton bai cancanta ba. Idan alamar babu, maganin zai wuce ta gefen ciwon ne ya fita a fitsari. Bayan wannan za a duba jininsa, musamman ƙarfin ɓargo, a duba ƙoda da hanta, a duba ko yana iya tashi ya yi wa kansa 'yan hidimomi. Sannan a bi magungunan da ya sha a baya ɗaya bayan ɗaya, domin wani gwajin yana neman wanda ya yi kimo, wani kuma wanda bai taɓa yi ba.

Shi ya sa nake cewa aikinki na farko a gida yake. Ki tattara sakamakon ƙwayar naman da aka ciro aka auna tun farko, da duk awon PSA tare da ranakunsu, da sunayen allurai da na kimo da ranar da aka fara da ranar da aka daina, da faifan hotunan kansu, ba rahoton kaɗai ba. Ki kai wa likitan da ke duba Baba lambobin NCT biyu ko uku da kika zaɓo, ki roƙe shi ya karanta sharuɗɗan tare da ke, ya rubuta taƙaitaccen bayani ya aika wa masu binciken. Wasiƙar likita zuwa ga likita ta fi samun amsa nesa ba kusa ba. Kuma don Allah kada a dakatar da allurar da Baba yake karɓa ana jiran amsa. Galibin gwaje-gwajen ma sharaɗi ne a ci gaba da ita.

Kalmar "kyauta" tana buƙatar a tsaya a kanta. Masu ɗaukar nauyin gwaji sukan biya kuɗin maganin da awon da binciken ya buƙata. Kuɗin jirgi, biza, masauki, abinci, da kulawar asibiti ta yau da kullum, sau da yawa a wuyan majinyaci suke, musamman baƙo marar inshorar ƙasar. A Ingila ma galibin gwaje-gwaje ta hanyar asibitocin gwamnati ake shigarsu, don haka zaman yayanki a can bai ba Baba gurbi kai tsaye ba. Maganin kuma ba na rana ɗaya ba ne: ana ɗurawa duk bayan mako shida, har sau shida, da awon jini a tsakani. Ku lissafa wata bakwai zuwa takwas a ƙasar wasu, da mai jinya. Ku tambayi Baba kansa ko yana son wannan nisa da gida a wannan lokaci na rayuwarsa. Nasa ra'ayin ne a gaba da na kowa.

Sai maganar Mama. Ki gaya mata tsoronta yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani bincike da ya ƙunshi yara kusan 200. Goma sha ɗaya suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu cikakken bayani ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana nan a zukatan mutanenmu, kuma hakkinsu ne su yi tambaya. Gwajin gaskiya yana da lambar rajista da za ki iya dubawa da kanki. Yana da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, a Najeriya kuma har da ta NAFDAC. Za a ba Baba takardar yarda, a karanta masa da harshen da yake ji, a ba shi lokaci ya yi shawara da iyalinsa. Yana da ikon fita duk ranar da ya ga dama ba tare da an hana shi kulawa ba. Idan wani ɗan tsakani ya ce ku biya shi kuɗin "gurbi", ko aka ƙi ba ku lambar rajista, ku juya baya.

Kafin ya sa hannu, ku tambaya ko gwajin a wane mataki yake. Mataki na ɗaya auna yawan maganin da jiki zai iya ɗauka ne, amfaninsa bai tabbata ba tukuna. Mataki na uku kwatanta sabo da tsoho ne, kuma kwamfuta ce ke raba mutane ta hanyar ƙuri'a, don haka Baba yana iya faɗawa rukunin da ba za a ba shi sabon maganin ba. Ku tambaya me ake ba wannan rukunin, kuma ko za a iya mai da shi ɗaya ɓangaren idan ciwon ya ci gaba. Ku tambaya wa zai biya idan illa ta kwantar da shi. Illolin da aka sani su ne bushewar baki, gajiya, tashin zuciya da raguwar jini. Bayan kowace ɗura zai sha ruwa da yawa, ya kwana shi kaɗai na wasu kwanaki, ya nisanci yara da masu ciki har mako guda. A gidan da jikoki suka saba hawa cinyar kakansu, gara a shirya musu tun da wuri.

Akwai abin da ya fi neman gwajin gaggawa, tunda kin ce ciwon ya shiga ƙashin baya. Idan Baba ya fara jin ƙafafunsa sun yi nauyi ko suna mutuwa, ko ciwon bayan ya tsananta farat ɗaya, ko fitsari ko bayan gida ya ƙi fita ko yana kufce masa, wannan alama ce ta danne lakar baya. Ku kai shi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne, kada a jira ranar ganin likita. Gashin na'ura na nan gida, idan an yi shi da wuri, yana iya tsare masa tafiyarsa, kuma ko zama ɗaya yakan rage raɗaɗin ƙashi sosai.