Finale na rufe kanta tun da na koma Windows 11: mene ne mafita?

Tambaya: Ina koyar da kiɗa, kuma ni nake rubuta wa ƙungiyar mawaƙanmu waƙoƙi da manhajar Finale 25. Tun da na sayi sabuwar kwamfuta mai Windows 11, wani lokaci manhajar ba ta gama buɗewa sai ta ɓace, wani lokaci kuma sai na danna don in ji waƙar ta rufe kanta. Abokina mai Mac ya ce tasa Finale 2014 ta ƙi buɗewa sam. Ina da fayiloli fiye da 200. Me zan yi?

Amsa: Malam, kafin a taɓa batun gyara, akwai abin da ya kamata ka sani. Kamfanin MakeMusic ya sanar a ranar 26 ga Agustan 2024 cewa ya daina haɓaka Finale da sayar da ita, bayan manhajar ta shekara 35 a kasuwa. Ta 27 ce ta ƙarshe. Duk saɓanin da ya taso tsakaninta da sabuwar Windows, babu wanda zai sake zama ya daidaita shi. Ita kuma ta hannunka ta 2016 ce, ta girmi Windows 11 da shekara biyar. Don haka fayilolin nan 200 su ne abin gaggawa.

A duk lokacin da manhajar ta yarda ta buɗe, kada ka tsaya gyara komai. Shiga File, sannan Export, ka zaɓi Translate Folder to MusicXML, ka nuna mata foldar da waƙoƙinka suke. Za ta juya su gaba ɗaya zuwa MusicXML, tsarin da sauran manhajojin rubutun kiɗa irin su MuseScore da Dorico da Sibelius duk suke karantawa. Fayilolin Finale masu ƙarewa da .mus ko .musx nata ne, ba a gina su don wata manhaja ba. Bayan haka ka fitar da kowace waƙa a PDF, domin MusicXML na riƙe sautuka da baitoci amma ba kullum yake riƙe tsarin shafi ba, kuma PDF ɗin ne zai zame maka abin dubawa idan ka zo gyara. Ajiye kwafi a filasha, wani kuma a intanet. Idan tsohuwar kwamfutarka tana nan da rai, a kanta ya fi dacewa ka yi wannan aikin.

Yanzu ga gyaran. Mutane sukan gaggauta goge manhaja su sake sakawa, kuma sau da yawa hakan ba ya canza komai, saboda gogewar ba ta taɓa fayilolin saiti, ba ta kuma taɓa direban sauti, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da na'urar sauti. Abin da ke nuna tushen matsala shi ne lokacin da manhajar ke rufewa, kuma ka ambaci lokuta biyu mabambanta.

Rufewa yayin sauraro kusan koyaushe daga wajen sauti take. Shiga MIDI/Audio ka canza daga Play Finale through VST zuwa Play Finale through MIDI, sannan ka kunna waƙar. Idan ta tafi lafiya, to laifin yana kan kayan kiɗan VST, wato ƙananan manhajojin da ke samar da muryar fiyano da sauransu. Finale 25 ce ta farko mai tsarin bit 64, ba ta kuma aiki da tsofaffin VST masu bit 32, waɗanda mutane kan kwaso daga tsohuwar kwamfuta ba tare da sun sani ba. Kwashe su daga foldarsu, ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifin. Idan kuwa har ta MIDI ɗin ma tana rufewa, shiga Device Setup, sannan Audio Setup, ka sauya direba: in tana kan ASIO ka koma DirectSound. Duba kuma adadin da sauti ke gudana a kai. Idan Windows na kan 48,000 ita kuma manhajar tana neman 44,100, ana iya samun ƙara, shiru, ko rufewa. Mai da su lamba ɗaya. Ka cire abin kunne na Bluetooth yayin gwajin, domin yankewarsa a tsakiyar waƙa kan sa na'urar da manhajar ta riƙe ta ɓace mata.

Ɓacewa tun kafin ta gama buɗewa kuwa ta fi alaƙa da saiti. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta %appdata%, ka nemo foldar MakeMusic. Kada ka goge ta, canza mata suna kawai, misali ka ƙara "tsohuwa" a ƙarshe. Finale za ta ƙirƙiro sabuwa idan ta tashi, kuma idan hakan bai yi amfani ba sai ka mayar da sunan farko. Akwai wani abin da ba a cika kawowa a rai ba: na'urar buga takarda. Manhajar rubutun kiɗa tana tuntuɓar firinta don sanin girman shafi, saboda haka firintar ofis da ba ta haɗe, ko mai gurɓataccen direba, na iya maƙalar da ita. Mai da Microsoft Print to PDF ta zama ta farko a jeri, ka sake gwadawa. Daga nan sai ka danna alamar Finale da maɓallin dama, ka shiga Properties, sannan Compatibility, ka zaɓi Windows 8.

Idan duk wannan bai warware ba, Windows da kanta tana rubuta abin da ya faru. Rubuta eventvwr a akwatin nan na Windows da R, buɗe Windows Logs, sannan Application, ka nemo jan kuskuren da ya zo daidai da lokacin rufewar. Layin Faulting module name ne abin dubawa. Idan sunan direban hoto ko na sauti ya bayyana, sabunta shi daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar. Idan ntdll.dll ka gani, bai faɗa maka komai ba, ɓangaren Windows ne da kurakurai iri-iri ke ƙarewa a cikinsa.

Akwai hali na uku da ba ka ambata ba amma za ka iya cin karo da shi: waƙa guda ce kawai ke rufe manhajar, sauran lafiya lau. Wannan fayil ɗin ne ya lalace, kuma ɗaukewar wuta ko mutuwar batir a daidai lokacin ajiya na cikin abubuwan da ke jawo haka. Idan ya buɗe, shiga Document, sannan Data Check, ka gudanar da File Maintenance. Idan bai buɗe ba, nemi kwafin da Finale ke ajiyewa da kanta, in har an kunna wannan zaɓi a Preferences.

Batun abokinka ya fi sauƙin bayani, sai dai babu gyara a ciki. Finale 2014 mai bit 32 ce, kuma Apple ya daina gudanar da irin waɗannan manhajoji tun macOS Catalina a 2019. Babu saitin da zai tayar da ita. Ya kai fayilolinsa kan Mac mai Mojave, wato macOS ɗin da ya gabaci Catalina, ko wanda ya girme shi, ko kan kwamfutar Windows mai Finale, kamar taka, a juya masa su zuwa MusicXML.

Game da inda za ka koma, shawararmu ita ce ka fara da MuseScore Studio. Kyauta ce, tana aiki a Windows 10 da 11, kuma ta wadatar da waƙar muryoyi huɗu da fiyano. Dorico ita ce MakeMusic ya nuna wa masu amfani da Finale su koma, tana kuma da nau'in kyauta mai suna SE, amma hanyar aikinta ta sha bamban, za ka ɗauki lokaci kafin hannunka ya saba. Ko wacce ka zaɓa, gwada da waƙoƙi uku tukuna, ciki har da mafi tsawo, ka kwatanta da PDF ɗinsu gaɓa-gaɓa. Idan baitocinka da Hausa suke, duba ɓ da ɗ da ƙ da kyau. Finale ba ta fara karɓar Unicode, wato tsarin haruffa na bai-ɗaya da ya ƙunshi irin waɗannan haruffa, ba sai a ta 2012, don haka tsofaffin fayilolin da aka rubuta da wani salon haruffa na musamman za su iya fitowa da wasu alamomi daban a gurbin waɗannan haruffa, sai an sake buga su da hannu.