An dasa min ƙwai, na yi gwaji a gida ya ruɗa ni

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min. Shekarata 34, na jima da aure ban taɓa ko ɓari ba, yanzu muna kan IVF (wato a haɗa ƙwai da maniyyi a asibiti sannan a dasa a mahaifa), kwana biyar kenan da aka dasa min ƙwai. Jiya na kasa haƙuri na yi gwajin fitsari a gida ya nuna layi biyu, yau na sake ya dusashe, wallahi tun safe kuka nake. Yayata kuma ta ce kar in sauko daga gado kar abin ya zube, ga cikina a kumbure.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, share hawayenki, wannan layin bai gaya miki komai ba tukuna. Allurar da aka miki kamar awa 36 kafin a ciro ƙwai yawanci tana ɗauke da sinadarin hCG, shi ne dai abin da tsinken gwajin yake nema a fitsari, kuma yakan kai kwana 10 ko fiye kafin ya bar jiki, so zai iya nuna layi biyu yau gobe ya dusashe alhali ƙwan ma bai gama kama mahaifa ba. Gwajin jinin da likita ya sa miki rana shi ne abin dogaro.

Abin da na fi ji miki tsoro shi ne ki yanke ƙauna ki daina maganin progesterone, wanda ke taimaka wa mahaifa ta riƙe ƙwan. Kar ki daina ko da kin ga ɗan ɗigon jini, sai likita ya ce.

Yayarki don ƙauna ta faɗa, amma ƙwan ba ya zubowa don kin tashi tsaye, kwanciya wuni guda kuma ba ta ƙara komai sai tunani. Ki yi harkokinki, ki dai guji ɗaukar kaya masu nauyi.

Kumburin kuma kar ki raina shi. Kaɗan ba laifi, allurai ne suka kumbura ma'ajiyar ƙwai. Amma in cikin yana ƙara girma da sauri, ko ciwo mai tsanani, amai, fitsari ya ragu ko numfashi yana miki wuya, ki tafi asibiti a take ko tsakar dare ne.

Sannan kukan nan kar ki yi shi ke kaɗai, ki faɗa wa maigida yadda kike ji, ranar gwajin ku je tare, ki kuma tambayi asibitin ko suna da mai ba da shawara da za ki zauna da ita. Allah ya sa a dace.