Amsa ga ƙanwarmu mai tambaya kan kartar tarot ta maza masu neman maza

Salamu alaikum 'yan zaure. Ƙanwata, tun shekaranjiya na ga tambayarki, inda kika ce lakcaranku na kwas ɗin zane ya ba ku aikin rubutu a kan kartar tarot da aka zana musamman don maza masu neman maza, ke kuma ba ki ma san mene ne tarot ɗin ba balle ki gane me ya sa wasu za su so a yi musu tasu daban. Na ga wasu sun ce ki je a canza miki tofik, wasu sun yi a'uziyya sun wuce. Ni na jira ne in samu natsuwa don maganar da tsawo. Shekara shida na yi ina aiki a wani shagon littattafai a Manchester, kuma ɓangaren da aka ba ni har da kantar da ake jera katunan nan, ni ke buɗe kwalaye, ni ke manna farashi, ni ke tsayawa da kwastoma in yana juya su ɗaya bayan ɗaya.

Tun farko dai in faɗa, ban taɓa buɗe wa wani kati ba kuma ban taɓa zama an buɗe min ba, duba duba ne ko ƙasa aka buga ko wuri aka watsa ko takarda mai sheƙi aka jera, mun kuma san hukuncinsa. Haka matsayin addini da al'adarmu a kan ɗaya batun, babu wanda ke zauren nan da bai sani ba, kuma ba fatawa kika nema ba. Tambayar da aka yi miki ta masu zane ce, wa aka zana, yaya aka zana shi, wa aka bari a waje. To a nan ina da abin cewa.

Tarot karta ce, kuma asalinta wasa ake yi da ita kamar yadda muke buga karta a majalisa. Karta ta shiga Turai wajen 1370 daga Masar ta zamanin Mamluk, da gidaje huɗu, kofuna, takubba, sulalla da sanduna, har yau akwai irin waccan a gidan tarihi na Topkapi a Istanbul. Wajen 1440 ne a arewacin Italiya, irin su Milan da Ferrara, aka ƙara mata wasu katuna masu hotuna, ta zama abin da muka sani yanzu, kati 78, ƙanana 56 da manya 22. Maganar duba da ita sai can baya ta zo, a Faransa, bayan wani Court de Gébelin ya rubuta a 1781 cewa wai sirrin tsohuwar Masar ne a ciki, abin da ba shi da hujja ko ɗaya amma ya karɓu. Wadda za ki fi gani a ko'ina yau ita ce ta Rider-Waite-Smith da aka buga a Landan a 1909, mace ce ta zana ta, Pamela Colman Smith, kuma shekaru da yawa ba a ko sa sunanta a jikin kwalin, ta rasu a 1951 ba ta da komai.

Ga abin da nake so ki riƙe sosai don zai taimake ki a rubutun. Canza hotunan tarot ba sabon abu ba ne ko kaɗan. Katin Masoya, lamba 6, a tsohuwar karta ta Marseille saurayi ne a tsaye tsakanin mata biyu, ana nufin zaɓi. A 1909 aka mai da shi Adamu da Hauwa'u tsirara, mala'ika a sama, maciji a jikin bishiya bayan macen. Akwai ma wata tsohuwa da ake kira ta Besançon da aka cire Paparoma da takwararsa mace aka sa gumakan Rumawa Jupiter da Juno. Kowane zamani yana zana mutanensa ne a ciki, don haka duk wanda ya ce miki waɗannan sun ɓata asali, ki tambaye shi wane asalin.

Me ya sa suka so tasu? Sai da na daɗe a kantar nan na gane. Mafi yawan masu saye ba su yarda katin ya san gobe ba, abin da suke yi shi ne su zaro kati su kalli hoton su yi ta ba wa kansu labarin rayuwarsu da shi, kamar madubi. To ki ɗauka mutum ya zaro katin kofuna biyu, namiji da mace suna musayar kofi. Ya zaro kofuna goma, miji da mata sun ɗaga hannu ƙarƙashin bakan gizo, yara biyu suna rawa a gefe, wai wannan ne cikar farin ciki. Kullum sai ya yi fassara a ransa kafin hoton ya yi masa magana, wani lokacin ma hoton yana tuna masa abin da iyayensa suka so gare shi ne wanda bai samu ba.

Wadda na fi sani, kuma ita nake ba ki shawara ki sa a tsakiyar aikinki, ita ce Gay Tarot ta 2004. Lee Bursten ne ya tsara ta, wata 'yar Italiya Antonella Platano ta zana, kamfanin Lo Scarabeo na Torino ya buga. Ki lura da shekarar fa, 2004, shekarar da jihar Massachusetts ta fara ɗaura irin wannan aure a Amurka, kuma shekara ɗaya kacal bayan Ingila ta soke dokar Section 28 ta 1988 da ta hana ƙananan hukumomi da makarantunsu nuna irin wannan zama a matsayin iyali. Italiya kanta sai 2016 ta amince da rajistar zaman tare. A cikin wannan yanayi aka yi ta. Kusan duk mutanen ciki maza ne, cikin kayan zamani, a titi da gida da wurin aiki, an bar rawanin sarauta da dawakai. Sarki da sarauniya da barde da yaron fada na kowane gida an mai da su matashi, magidanci, jagora da dattijo. Katin Uwar sarauta, da ake kira Empress, ya koma Mai kariya, wato an ce reno da tausayi namiji ma yana yi.

Amma katuna biyu ne suka sa na daina ganin ta a matsayin kayan kasuwa kawai. Katin Shaiɗan, lamba 15, an canza masa suna zuwa Self-Hatred, ƙin kai, babu ƙaho babu sarƙa, wani saurayi ne kawai yana kallon hoton iyali na miji da mata da 'ya'ya. Katin Hasumiya kuma, lamba 16, wanda a 1909 aradu ce ta faɗa wa gini mutane biyu suna faɗowa ƙasa, an kira shi Revelation, tonuwar magana, hoton saurayi ne yana faɗa wa iyayensa gaskiyar abin da yake. Ta fuskar sana'ar zane wallahi wannan aiki ne mai kyau, domin mai tsarawar bai canza ma'anar katin ba, Hasumiya dama rushewar abin da mutum ya gina ce a dare ɗaya, shi kawai ya nemo inda wannan rushewar take faruwa a rayuwar mutanen da yake yi wa kartar.

Wata ranar Asabar da ruwan sama, wani dattijo Bature da zai kai saba'in da wani abu ya shigo, ya nemi in buɗe masa samfur ɗin da muke ajiyewa don gani. Ya yi ta juyawa har ya iso kan Hasumiyar nan sai ya tsaya, ya daɗe, ni har na ɗauka ba shi da lafiya ne na ce ko in kawo masa kujera. Ya ce min a ɗakin girkin gidansu abin ya faru, yana ɗan ashirin da 'yan kai, kuma daga ranar babansa bai sake yi masa magana ba har ya mutu. Ya ce lokacin da yake tasowa abin laifi ne da ake ɗaure mutum a kai, kuma gaskiya ne, sai 1967 aka sassauta dokar a Ingila da Wales. Ya biya kuɗinsa ya tafi. Ban yi masa wa'azi ba, ban kuma ce masa na yarda da rayuwarsa ba, abin da na gani dai tsoho ne da har yanzu yake kewar ubansa, ni kuma a lokacin shekara huɗu ban ga nawa ba. Tun daga nan nake auna kowace karta irin wannan da tambaya ɗaya, shin akwai uba da uwa da tsoro da tsufa a ciki, ko kuwa jiki ne kawai.

Domin da yawansu jiki ne kawai, wannan ki rubuta shi ba tare da jin nauyi ba. Kwalaye nawa na buɗe na tarar daga kati na farko har na 78 samari ne farare masu ƙirar 'yan ɗaga ƙarfe, babu riga, babu tsoho babu mai ƙiba babu gurgu, katin Mutuwa ma sai ka ga an zana shi kamar tallan turare. Irin waɗannan manajanmu a leda yake sa mu rufe su mu ajiye bayan kanta, kuma ban ga laifinsa ba tunda yara na shigowa. Akwai wani yaro baƙi, iyayensa 'yan Jamaika, da ya zo sau biyu yana dubawa, ya ce min ya bar kartar da babu irinsa saboda wanda yake so, ya zo nan kuma babu irinsa saboda fatarsa. Bai sayi komai ba. Wannan maganar tasa ita ce rabin aikinki in kin iya warware ta.

Sai kuma batun cire mata gaba ɗaya, wanda su kansu ba su haɗu a kai ba. Wani kwastoma da ya ga zamanin ƙanjamau na shekarun 1980 da idonsa ya ce min shi ba zai riƙe kartar da babu mace ba, don lokacin da abokansa ke mutuwa kuma dangi suna gudu, mata ne suka yi jinya, ƙawaye da 'yan'uwa da nas-nas. Wani kuma ya ce a'a, a bar musu wuri ɗaya tak da su kaɗai ne a ciki. Ni na fi karkata ga na farkon, rayuwar da babu uwa babu yaya babu ƙanwa ban san ta ba a ko'ina. Amma ki sani mata ne ma suka riga su wannan hanya, Motherpeace ta Karen Vogel da Vicki Noble ta fito tun 1981, katunanta zagaye kamar faifai, mata ne suka cika ta.

Wasu masu zanen sun bi ta wata hanya mai sauƙi, su sa katin Masoya fiye da ɗaya a kwali mai saye ya zaɓa. Cosmic Tribe ta Stevee Postman ta 1998 uku ta saka, Star Spinner ta Trung Le Nguyen ta 2020 huɗu. Yana da amfani a kasuwa don kwali ɗaya ya shiga hannun kowa, sai dai in kati ɗaya aka taɓa aka bar sauran 77 yadda suke to gyaran bai yi nisa ba, ki duba kofuna goma nasu za ki gane ko da gaske suke. Daga baya da Kickstarter, shafin intanet da ake tara wa mai aiki kuɗi daga jama'a, ya buɗe a 2009 masu zane suka daina jiran manyan kamfanoni, shi ya sa aka samu irin su Next World Tarot ta Cristy C. Road, mai cike da baƙaƙe da 'yan Latin da masu ƙiba da masu keken guragu, duk da ita ba ta maza kaɗai ba ce.

In ni ne ke, ba zan bi duka 78 ba, za ki gaji kuma rubutun zai yi faɗi babu zurfi. Ki ɗauki shida, Masoya, Uwar sarauta, Shaiɗan, Hasumiya, kofuna biyu da kofuna goma, ki jera na Marseille da na 1909 da na 2004 da wata sabuwa gefe da gefe. Sannan ki zauna da biro ki ƙirga da kanki, mutum nawa ne baƙaƙe, nawa ne suka haura hamsin, nawa ne da riga, mata nawa, yara nawa. Lakcarori suna son lissafin da ɗalibi ya yi da hannunsa fiye da wanda ya kwaso a intanet. Ki kuma karanta ɗan littafin da ke zuwa cikin kwali, a nan mai tsarawa ke faɗin dalilin kowane canji.

Ba sai kin saya ba, ki fara tambayar laburaren makarantarku, kuma shaguna da yawa suna da samfur a buɗe, in kin ce ɗaliba ce ke za su bar ki ki duba ki yi rubutu a littafinki. In kuma kin saya don aikin, don Allah kar ki manta da ita cikin akwati ranar da za ki je gida hutu, kin san akwai dokar 2014 ta hana auren jinsi ɗaya a Najeriya, ga kotunan shari'a a Arewa, kuma jami'in da zai buɗe jaka a filin jirgi ba zai tsaya jin cewa aikin makaranta ne ba. Ki bar ta a laburare ko ki ba wa 'yan ajinku. In kin gama daftarin farko ki turo min ta inbos in duba miki shekarun da sunayen.