Dron don ɗaukar layin dogo: in saya ko in dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar bidiyon biki ne a Mabera, cikin garin Sakkwato. Ina yawan kallon bidiyon da ake ɗauka ta sama da dron, wato ɗan ƙaramin jirgi marar matuƙi mai kyamara, ka ga jirgin ƙasa yana ratsa gonaki da ƙauyuka, abin yana burge ni ƙwarai. Na tara 'yan kuɗi, ina so in saya in riƙa yin irinsa ina sawa a YouTube. Wane iri ya kamata in nema?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin mu zo kan iri, mu fara da dogon kansa. Sakkwato ba ta da layin dogo. Mafi kusa da mu shi ne wanda ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya Ƙaura Namoda, wanda Turawan mulkin mallaka suka kammala a 1929 don kwasar gyaɗa da auduga. Gusau kanta ta haura kilomita 200 daga nan, kuma jirgi ya daɗe da daina bin layin a kai a kai. Abin da ke ba irin wannan bidiyo armashi kuwa shi ne jirgin na tafe, taragai na bin juna a kwana, inuwarsu na gudu bisa gona. In ba jirgi, ƙarfe biyu kawai za ka ɗauko cikin ciyawa.

Abin da ya fi damuna ma tsaro ne. A watan Maris na 2021 gwamnatin tarayya ta hana shawagin jirage a sararin Zamfara saboda 'yan bindiga. Duk wanda ya ga abu na yawo bisa kansa a wannan yanki ba zai tsaya tambayar ko ɗan YouTube ne ba, jami'in tsaro ne shi ko mutumin daji. Don Allah kada ka je. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 yana da jirgi, amma tun harin da aka kai wa jirgin a Maris na 2022 ake sa masa ido sosai, ba wurin tayar da dron ba ne sai da izinin hukumar jiragen ƙasa a rubuce.

Ko a cikin gari, doka na nan. Hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ita ke ba da izini, kuma ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro na da hannu a tantancewa. Fara da takarda kafin na'ura. Ka nisanci filin jirgin sama na Sultan Abubakar III da barikin Giginya, kuma kada ka wuce mita 120 a sama.

To, in aikin biki zai iya mayar maka da kuɗinka, saya. Ni dai ƙananan dron na kamfanin DJI nake ba da shawara, masu nauyin ƙasa da giram 250. Mini 4K ya fi araha kuma hotonsa ya wadatar. Mini 3 na juya kyamara a tsaye, ya dace da TikTok. Mini 4 Pro ne ke hangen bishiya ko bango ta kowane ɓangare, sai dai yana da tsada. Abin ɗauka kuma ba mu rasa ba: fadamar Rima lokacin da shinkafa ta yi kore shar, gonakin albasa da rani, garken raƙuma da sassafe. Layin dogo ƙasashe da yawa suna da shi, waɗannan kuwa ba kowa ya taɓa ganinsu ta sama ba. Ka dai gaida mai gari ka sanar da shi tukun, kuma kada ka bi ta kan gidajen mutane, domin tsakar gida wurin iyali ne.

Tambaya: Malam, an yi min tayin dron na hannu da batir ɗaya, rabin kuɗin sabo. In karɓa? Ƙanwarka daga Runjin Sambo.

Amsa: Ƙanwata, kada ki biya sai an tayar da shi a gabanki. Ki sa a ɗora batirin bisa tebur. In yana lilo maimakon ya kwanta daidai, ya kumbura, ki bar shi. Manhajar DJI Fly na nuna sau nawa aka yi cajinsa. Ki duba ko hoton na rawa ko ya karkace, alamar ya taɓa faɗuwa ke nan, sannan mai shi ya cire dron ɗin daga asusunsa na manhajar kina kallo.

Batir ɗaya ba ya isa aiki. Minti 30 da 'yan kai da ake rubutawa a kwali, in akwai iska da wuya ki samu duka. Kamfanin DJI ya ce iyakar zafin da waɗannan dron suke jurewa digiri 40 ne, Sakkwato kuwa tana wuce haka a Afrilu da Mayu, don haka aikin safe ne ko bayan la'asar, kuma ba a barin batir cikin mota. Da hunturu ƙura na shiga injinan farfela, sai ki riƙa shimfiɗa tabarma yana tashi daga kanta. Ki haɗa kuɗin ƙarin batir biyu da farfela a lissafi. In jimillar ta kusa kuɗin sabo, sayi sabon.