Littattafai uku a hannuna, wanne zan fara bugawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Ina da rubutu uku da ban gama ko ɗaya ba: labarin soyayya, tarihin garinmu, da tatsuniyoyin da na tattara wa yara. Wani a Kano ya ce in kawo kuɗi ya buga min su gaba ɗaya. Ina tunanin sayar da gyaɗar da na noma bana. Mene ne shawararku?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara basira. Ka bar gyaɗarka a rumbu tukuna, domin taura biyu ma ba ta taunuwa, balle uku.

Tatsuniyoyin za ka fara kammalawa. Dalilina shi ne su kaɗai ne kake ganin masu karanta su kullum da safe. Ka karanta wa 'yan aji huɗu da biyar, ka lura da inda suka yi tsit da inda suka fara tsokanar juna. Wurin tsokanar nan shi ke neman gyara. Masu saye ma suna kusa da kai: shugabannin makarantu, Islamiyyoyi da iyaye. Ka zagaya da samfuri ka ji kwafi nawa kowa zai ɗauka, wannan lissafin ne zai faɗa maka adadin da za ka buga.

Tarihin gari kuwa rubutunsa zai iya jira, amma dattawan da suka san shi ba za su jira ba. Wannan ne ya fi damuna a tambayarka. Tun daga makon nan ka ɗauki wayarka ka zauna da liman, da mai gari, da tsofaffin mata, waɗanda galibi ake mantawa da su alhali su ne suka riƙe waƙoƙin daka da salsalar auratayya tsakanin gidaje. Ka naɗi muryarsu, ka rubuta suna da rana, ka ajiye a wuri biyu.

Labarin soyayyar ya huta. Kasuwar littattafan hikaya da ta bunƙasa a Kano tun shekarun 1980 ta ja baya, masu karatu sun koma waya, don haka shafukan intanet sun fi dacewa da shi in lokacinsa ya yi.

Mutumin Kano ɗin nan, ka tambaye shi kai tsaye: bayan bugu, wa zai sayar? In ya ce kai, to aikinsa ɗab'i ne kawai, riba da asara duk naka ne. Ba laifi ba ne, yawancin marubutan Hausa da aljihunsu suka buga, amma a yi yarjejeniya a rubuce: adadin kwafi, nau'in takarda da bango, ranar karɓar aiki. Kada ka biya duka kafin ka riƙe kwafin gwaji. Ka bi shi layi-layi, saboda masu buga rubutu a kwamfuta kan zubar da lanƙwasar ƙ, ɗ da ɓ, kuma littafin yara da kuskuren ƙa'idar rubutu malamai ba za su karɓe shi ba. In da hali, wani malami a sashen Hausa na Jami'ar Bayero ko Kwalejin Ilimi ta Gumel ya duba maka.

Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta ƙasa da ƙasa, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, kuma doka ta ce a kai musu kwafi uku bayan bugu. Tunda a Kano za a buga a kuma sayar, ka nemi sanin ƙa'idojin Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta jihar. Ka kuma riƙa leƙa zaman ƙungiyar marubuta ta ANA reshen Kano. A can za ka ji wace maɗaba'a ce ke cika alkawari kafin ka miƙa wa kowa kuɗinka.